Ƙa'ida ko Basira? Gwajin Littattafan Koyon Rubutun Fim da Labarin Rijiyar Kusugu

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nuna sha'awar rubuta labarin fim a yau, abin da akan fara miƙa masa shi ne ɗaya daga cikin littattafan jagora da aka wallafa a Amurka. Ra'ayin ɗaliban wasan kwaikwayo ya rabu biyu game da su. Wasu na ganin su ne fitilar mai koyo, wasu kuwa na ganin suna kashe wa marubuci zuciya, har ya kasa amincewa da abin da ransa ya ba shi. Nufin wannan 'yar maƙala shi ne a auna wannan batu da labarin da kowane Bahaushe ya sani, watau labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu ta Daura.

Abin da ake nufi da ƙa'ida a nan shi ne tsarin da aka shata tun kafin a fara rubutu. Basira kuwa ita ce abin da marubuci kan ji a ransa cewa nan ya kamata labari ya nufa, ko da bai iya faɗin dalili ba.

2.0 Abin da littattafan ke koyarwa

A 1979 Syd Field ya wallafa Screenplay, inda ya nuna cewa shafi ɗaya na rubutun fim kamar minti ɗaya ne a majigi. Ya raba fim mai shafi 120 kashi uku: shafi 30 na shimfiɗa, 60 na gwagwarmaya, 30 na warware rikici. A 1992 Christopher Vogler ya fito da The Writer's Journey, ya tsara tafiyar jarumi mataki 12, bisa nazarin da Joseph Campbell ya yi a 1949 a kan labaran jarumtaka na al'ummomin duniya. Blake Snyder ya fi su tsanani. A littafinsa Save the Cat! na 2005 ya kawo gaɓoɓi 15, kowacce da shafinta a cikin shafi 110: abin da zai tayar da labari ya faɗo a shafi na 12, tsakiyar labari a shafi na 55. Haka nan kuma ya ba da shawarar a nuna tauraro yana aikata wani alheri tun da fari, domin 'yan kallo su ƙaunace shi.

Adalci ne a faɗi cewa ba dukkansu ne suka ɗauki abin a matsayin doka ba. Robert McKee, a littafinsa Story na 1997, ya bambanta tushen da labari ke tsayuwa a kansa da dokar da ake bi ido rufe. Sai dai mai koyo ya fi saurin riƙe lambar shafi fiye da irin wannan gargaɗi.

3.0 Labarin Kusugu a taƙaice

A ruwayar da ta fi yaɗuwa, Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya sauka Barno, ya auri 'yar sarki, daga baya ya gudu da ita don tsoron makirci. Ya bar ta da ciki a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa maciji mai suna Sarki ya hana ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Ya je ya kashe macijin, ya sare kansa ya ɓoye. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Maƙaryata suka fito, aka rasa mai kan macijin a cikinsu, sai baƙo ya kawo shi. Ya ce shi aurenta yake so.

Daurama ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari. Daga baya ita ma Daurama ta haifi namiji ta sa masa Bawo, watau a maido gari. 'Ya'yan Bawo shida ne suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai.

4.0 Gwajin ƙa'ida da labarin

4.1 Inda suka dace

In aka ɗora matakan Vogler a kan rabin farko na labarin, sai a ga sun zauna daram. Akwai barin gida, akwai masu taimako da suka ba da makami, akwai tsohuwa mai ba da labarin hatsari, akwai dodo, akwai lada. Ko fitowar maƙaryata da gane jarumi ta wata shaida suna cikin ayyuka 31 da Vladimir Propp ya tsamo daga tatsuniyoyin Rasha a 1928, kuma na ƙarshe a jerinsa shi ne aure da hawa gadon mulki. Wannan ya nuna marubutan nan ba da ka suka yi magana ba. Sun lura da abin da masu ba da labari suka daɗe suna yi.

4.2 Inda suka saɓa

Lokacin da muke aji biyu aka ba mu aikin mayar da wani tarihihi rubutun fim. Na zaɓi wannan labari, na bi littafi sau da ƙafa. Na ƙago wata fitowa inda Bayajida ya ceci yaro a hanya don a so shi. Na share barin matarsa a Garun Gabas, saboda yana rage masa kwarjini. Na jinkirta kashe maciji zuwa kashi na uku, na rufe da biki. Da na je hutu na karanta wa kakata, wadda ta girma a unguwar Kusugu. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Maigidan, labarinka ya yi daɗi, amma na baƙo ne. Ina Magajiya? Ka aurar da ita ka tashi, alhali nan ne maganar ta fara."

Tun ina rubutun raina yake ba ni cewa wani abu ya ɓace, na danne, don littafi bai bar masa gurbi ba. Maganar tsohuwa ta fito da kurakurai uku.

Na farko, share labarin Garun Gabas ya zubar da Biram, Hausa Bakwai sun koma shida ke nan. Abin da ƙa'ida ta ɗauka aibi ne ga tauraro, shi ne ginshiƙi ɗaya daga cikin bakwai.

Na biyu, ƙa'ida tana son babban faɗa ya zo kusa da ƙarshe. A wannan labari kuwa kashe maciji a tsakiya yake, kuma a dare ɗaya aka gama shi ba mai kallo. Rikicin da ya fi nauyi a cikin gida aka yi shi, ba takobi ba mashi, tsakanin mata biyu masu jifan juna da sunayen 'ya'yansu. Bahaushe ya san wannan salo na habaici da suna a tsakanin kishiyoyi, yana jin Karɓagari da Bawo ya gane gadon sarauta ake jayayya a kai. Littafin da aka rubuta don Holiwud ba shi da ma'aunin irin wannan faɗa.

Na uku, ƙa'ida ta sa na ɗauka mai tafiya shi ne tauraro. Amma in aka tambaya wa ya fi yin asara ko riba, wa rayuwarsa ta fi canzawa, amsar ita ce Daurama. Daga kanta ne jerin sarauniyoyin Daura ya ƙare, mulki ya koma hannun maza. Ita ce ta yi alkawari a bainar jama'a, ta cika shi da abin da ya fi rabin gari tsada.

5.0 Shin basira kaɗai ta isa?

Kada a ɗauka wannan hujja ce ta jefar da littafi. Abin da marubuci ke kira basira, sau da yawa sabo ne wanda bai lura da shi ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa na bidiyo suka yi ta yawaita, kuma manazarta irin su Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a kansu. Soyayyar mutum uku da auren dole da rawa da waƙa sun zama ƙa'idar da ba a rubuta ba. Marubucin da ya ce zuciyarsa kawai yake bi, mai yiwuwa wannan tsari yake maimaitawa. Da an bar shi da Kusugu, da ya haɗa Bayajida da Daurama waƙa a bakin rijiya. Wanda ya karanta ƙa'ida a rubuce ya fi saurin gane ta in ta shigo masa ta bayan gida.

Bugu da ƙari, basirar kakata ba daga sama ta faɗo ba. Shekaru ta yi tana jin labarin tana kuma bayarwa, har ta san gaɓar da in aka taɓa ta ginin zai rushe. Ashe basira ma karatu ce, sai dai da kunne aka yi ta.

Muna da abin koyi a wajen Abubakar Imam. Da zai rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa. Ya karanta, ya ɗebi abin da ya ɗiba, ya zuba shi a zubin Hausa har mai karatu bai jin baƙuncinsa. Ya san tsarin wasu, amma kunnensa na Bahaushe ne ya yanke hukunci.

6.0 Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ta danganta da lokacin da aka buɗe littafin. In an buɗe shi kafin a san labari, yakan zama ƙangi, marubuci ya riƙa yanke labari don ya shiga awo. In kuwa an fara rubuta abin da rai ya bayar, sa'an nan aka ɗauko littafi don a binciki inda labari ya yi sanyi ko ya yi tsalle, to yana ƙarfafa basira, domin yana ba marubuci kalmomin da zai bayyana abin da yake ji. Inda littafi da labari suka saɓa, sai a tambayi dalili kafin a share komai.

Saura aiki a kan sassanmu na Hausa. Yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana gadon feɗe waƙa daga cikin waƙoƙinmu, haka ake bukatar jagoran rubutun fim da aka tsamo daga tatsuniyoyi da tarihihi da wasanninmu. Kafin a samu, ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara: duk wanda ya rubuta labarin garinsu, ya karanta wa tsofaffin garin kafin ya miƙa wa malam. Na sake rubuta nawa, ya fara da Daurama tana sauraron kukan mata a kan ruwa, ya ƙare ranar sunan Bawo. Allah ya sa mu dace.