Yadda Ake Zaɓar Abin Dasa Ashanar Harsashi

A Amurka, wanda ya je filin gwajin harbi ba kasafai yake barin kwanson harsashinsa a ƙasa ba. Idan ya gama sai ya duƙa ya tsince su ya zuba a jaka, domin kwanson tagulla shi ya fi tsada cikin abubuwa huɗu da suka haɗu suka zama harsashi, kuma ana iya sake cika shi sau da dama. Sauran ukun su ne kan dalma, da albarushi, da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke zaune a gindin kwanso, wanda masu abin suke kira firaima. Ni ashanar harsashi nake ce masa, don aikinsa ke nan: allurar bindiga ta buge shi, ya ƙyasta, wutar ta bi ta wata 'yar kafa ta kama albarushi. Dokar tarayyar Amurka ta bar mutum ya cika harsashin da shi da kansa zai harba, sai in sayarwa zai yi ake neman lasisi. A Najeriya ba haka abin yake ba, dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi ba da izinin hukuma ba. Aikin mafarauta da 'yan gasar harbi na can nake bayani.

Cikin duk matakan cika kwanso, dasa ashana shi ne wanda ya fi cancanta a natsu a kansa. Albarushin zamani idan yana fili ci yake yi da wuta. Ashana kuwa an yi ta ne don ta fashe idan aka buge ta, ga shi kuma aikin naka shi ne ka danna ta da ƙarfi cikin matsattsen gurbi. Saboda haka na'urar da za ka zaɓa abu biyu ake nema a wurinta: ta bar hannunka ya ji lokacin da ashanar ta kai ƙasan gurbi, kuma in tsautsayi ya sa ɗaya ta tashi, kada ta tafi da 'yan uwanta. Duk sauran abin da ake rubutawa a jikin kwali yana bayan waɗannan.

Kafin ka je shago, fara da kwansunan da ke hannunka. Ka haska tocila cikin ɗaya. In ka ga kafa ɗaya a tsakiya, tsarin Boxer ne, kuma shi ake so. In ka ga ƙananan kafofi biyu a gefe, na Berdan ne, ka ware shi. Sunayen nan na mutum biyu ne da suka yi rajistar dabarunsu a 1866: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan ɗan Amurka. Ashanar Boxer tana ɗauke da ƙaramar uwar maƙerarta a ciki, wadda sinadarin ke matsuwa a kanta idan allura ta buga, kuma cire tsohuwa abu ne mai sauƙi, a zura tsinken ƙarfe ta bakin kwanso a turo ta waje. A tsarin Berdan uwar maƙerar a jikin kwanso take, tsinke ba shi da hanya. Daga baya Amurkawa suka rungumi dabarar Baturen Ingila, sojojin Turai da yawa kuma suka ɗauki ta Ba'amurken. Na'urorin da ake sayarwa a shagunan Amurka kusan duk don Boxer aka yi su.

Sai girma. Faɗin ashana iri biyu ne, ƙarama inci 0.175, babba inci 0.210, kuma kowace tana da ta fistol da ta doguwar bindiga. Babbar ta doguwar bindiga ta ɗan ɗara ta fistol tsayi, ba a musanya su. Na'urar kirki tana zuwa da sandunan turi biyu, ɗaya na kowane faɗi, don haka ka duba kwalin ka tabbata duka suna ciki, ka kuma gwada canza su a gaban mai shago. Akwai wadda minti ɗaya ya isa, akwai wadda sai ka kwance ta kusan gaba ɗaya. Mai cika harsashin .45 ACP ya ƙara lura, domin kwanson nan ana yin sa da babban gurbi ana kuma yin sa da ƙarami, kuma a filin harbi a gauraye ake tsinto su. Babbar ashana a bakin ƙaramin gurbi ba za ta shiga ba, in aka dage kuma fashewa za ta yi.

Bayan nan ka tambayi kanka guda nawa kake cikawa. Wannan tambayar ita ce take raba hanya.

Mafaraucin barewa da kwali biyu ko uku ke isarsa shekara ba ya bukatar sayen komai. Injin matsa kwanso da ke kan teburinsa, irin Rock Chucker na kamfanin RCBS, ana iya dasa ashana da shi ta wani ɗan hannu da ake ɗora masa: ka sa ashana ɗaya a ƙoƙo, ka tura hannun ƙarƙashin kwanso, ka danna. Yana aiki, kuma da yake ɗai-ɗai ake sakawa, babu tarin ashana kusa da wurin dannawa. Abin da ban so a wannan hanya shi ne injin an yi shi ne don ya lanƙwasa tagulla, ƙarfinsa ya yi wa ashana yawa. Doguwar sandar tana haɗiye duk abin da yatsa ya kamata ya ji, har mutum ya murƙushe ashana bai sani ba.

Wanda ke cika ɗari ko ɗari biyu a zama ɗaya, na'urar hannu ita ce tasa, kuma ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. Siffarta kamar filaya ce mai faranti a gefe. Ka kifa kwalin ashana a farantin, ka girgiza a hankali, zanen da ke ƙasan farantin ya juya su duka bakinsu ya kalli sama, ka rufe, sai su riƙa gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Lee Precision na garin Hartford a jihar Wisconsin, wanda Richard Lee ya kafa a 1958, shi ya yi suna da masu araha. RCBS da Fred Huntington ya fara a 1943 a Oroville ta Kalifoniya yana da nasa, haka Hornady na Nebraska, haka Frankford Arsenal. An ce araha ba ta ado, amma a nan mai araha ma tana dasa ashana daidai. Bambancin yana wasu wurare ne, kuma a nan ya kamata mai saye ya ɓata lokaci.

Na farko, ka duba ko akwai shamaki tsakanin faranti da wurin dannawa. A na'urar RCBS wani ɗan ƙarfe ne ke rufe hanyar duk lokacin da ka matsa. A sababbin na Lee ashanar da za a dasa ɗaga ta ake yi a raba ta da sauran. An yi wannan ne domin ashana ɗaya in ta tashi ƙara ce da 'yar wuta, amma in ta kama ɗari da ke kwance kusa da ita, farantin roba zai tarwatse a gaban fuskarka. Tsohuwar na'urar Lee mai zagayayyen faranti ta zo da gargaɗin kamfanin cewa ashanar kamfanin CCI ko Winchester kawai za a zuba mata. An san ashanar kamfanin Federal da saurin kamawa, abin da ya sa masu gasar da suka sassauta kunamar bindigarsu suke nemanta, shi ya sa kuma take son na'ura mai shamaki. Wani zai ce ai sai ya tsaya ga kamfani ɗaya. Waɗanda suka ga ƙarancin 2020 zuwa 2021, lokacin annobar korona, da ashana ta ɓace daga shaguna, sun san cewa akwai ranar da abin da ka samu shi za ka saya. Ka zaɓi wadda takardarta ba ta ware kowane kamfani ba. Ka kuma duba faɗin farantin, don kwalin Federal ya fi na saura girma, ƙaramin faranti ba ya rufe bakinsa, sai ashana ta zube a ƙasa.

Na biyu, mariƙin kwanso, wato ɗan ƙarfen da gindin kwanso ke shiga. Na'urar Lee tana da nata mariƙai na daban, waɗanda ba su ne na injin tebur ba. Ta Hornady na Hornady take so. RCBS yana da mai karɓar mariƙin injinsa, yana kuma da wadda muƙamuƙi gare ta mai kama kwanso iri-iri ba sai an canza komai ba. Mai bindiga ɗaya wannan bai dame shi ba. Mai bindiga biyar ya yi lissafi, kada kuɗin mariƙai su fi na na'urar.

Na uku shi ne hannunka, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi. Wasu na'urorin babban yatsa ne ke dannawa, wasu yatsu huɗu ne ke matsowa kamar mai matse lemo. A shago duka da daɗin riƙewa. A kwanso na ɗari da hamsin ne ake gane gaskiya, lokacin da gindin babban yatsa ya fara zafi, mutum ya fara sakin jiki yana barin ashana ba ta kai ƙasa ba. Dattijo, ko mai ciwon gaɓoɓi, kada ya wahalar da kansa, ya nemi ta kan tebur. Ita ana ɗaure ta da ƙusa a katako, sandarta gajera ce, ba ta kashe ji kamar babban inji, kuma tafin hannu ne ke dannawa. Ta RCBS bututu gare ta da ake jera ashana a ciki. Ta Forster, daga Lanark a jihar Illinois, muƙamuƙi gare ta da ake daidaitawa, kuma a bututunta ashanar gefe da gefe take jeruwa, ba a kan juna ba. Duk na'ura mai bututu ka kafa ta yadda bakin bututun ba zai kalli fuskarka ba, domin ashana ɗari a jere cikin siririn ƙarfe abin tsoro ne. Shi ya sa manyan injinan Dillon na Scottsdale a Arizona, waɗanda 'yan gasar fistol masu cika dubbai suke amfani da su, aka sa bututunsu cikin wani kauri na ƙarfe da zai tura fashewar sama.

Akwai kuma na masu harbin nesa, irin na K&M da Sinclair da 21st Century. Ɗai-ɗai ake saka musu ashana da yatsa, ana iya daidaita zurfin da za ta shiga, wata har da agogon awo. Kyawawan kaya ne, tsadarsu kuma ta nunka ta saura. Wanda bai riga ya iya auna albarushi da daidaita tsawon kwanso ba, ba zai ga amfaninsu a jikin allon harbi ba.

Idan ka kawo na'urar gida, gwajin farko ka yi shi da ashana goma, ba ɗari ba, da tabarau na kariya a idonka, bakin kwanso yana kallon nesa da kai da kowa. Albarushi kada ya kasance a kan teburin. Ka zura kwanso a mariƙi, ka matsa a hankali, ba da fizga ba. Za ka ji ashanar ta kama bakin gurbi, ta zame ciki da ɗan tauri, sannan ta tsaya cak. Tsayawar nan ita ce ƙafafun uwar maƙera sun taɓa ƙasa. Nan za ka tsaya kai ma. Ciro kwanson ka shafa gindinsa da yatsa: ashanar ta ɗan nutse ƙasa da fuskar tagulla, kamar inci 0.003 zuwa 0.005, wajen kaurin takarda ɗaya. In kana shakka, tsayar da kwanson a kan gilashi. In ya yi rawa, ashanar ta yi tudu.

Tudun nan ba ƙaramin aibi ba ne. Bugun farko na allura zai ƙare ne wajen tura ashanar ciki, bindiga ta ƙi tashi. A fistol mai juyawa yana iya cije gangar ta ƙi juyawa. A bindiga mai ɗora wa kanta harsashi, irin M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu da har yau ake gasa da ita, ƙofar bindigar tana iya buge ashanar ta tashi kafin ta gama rufuwa. Gyaran yana da sauƙi muddin kwanson fanko ne: mayar da shi ka ƙara dannawa kaɗan. In an riga an zuba albarushi an sa kai, ba a sake danna ashana, sai an warware harsashin.

Hannun zai gaya maka wasu abubuwa biyu, in na'urar ta bar shi. Idan ashana ta faɗa ciki ba wani tauri, gurbin ya buɗe, kwanson ya tsufa, ka matse bakinsa da filaya ka jefa cikin tarkacen tagulla don kada ya dawo. Idan kuma ta cije a baki, ka saki nan take. Sau da yawa kwanson soja ne, irin na ma'aikatar Lake City da ke Missouri, wanda ake danne bakin gurbinsa don kada ashana ta fita a cikin bindiga. Sai an kankare wannan zoben ko an buɗa shi da na'urarsa kafin sabuwa ta shiga.

In ka gama, ashanar da ta rage ka mayar da ita cikin kwalinta na asali, mai ɗan gurbi ga kowace ɗaya, kada ka tara su a kwalba ko gwangwani. Ka goge faranti da hanyar gangarowa da ɗanyen tsumma, saboda ƙurar sinadarin tana taruwa kuma ita ma tana kamawa. Ka duba ƙasa ko wata ta faɗi, ka ɗauke ta da hannu, ba da injin zuƙar shara ba. Yawancin ashana da sinadarin dalma ake yin ta, saboda haka ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai shi ga abinci.