Shawara ga Ƙungiyoyin Matasa Masu Aikin Gayya a Kaikai

'Yan'uwa matasan Kaikai da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, in kuna son taimakonku ya kai inda ake buƙata, ku dubi lokacin da kuke rabo. Yawancin ƙungiyoyi sai azumi suke tashi, alhali wuyar manomi tana tsananta ne a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara.

Don haka ku tara hatsi tun da kaka, yana da araha. Ku bi manoma gida gida, ko tiya ɗaya mutum ya bayar ku karɓa da godiya. Ku shanya shi ya bushe sarai, ku zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana ƙwari ba tare da magani ba. Zakkar hatsi kuwa, kashi 1 cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ku ware ta daban, domin Alƙur'ani ya ƙayyade masu cin ta.

Kafin rabo ku zauna da mai unguwa da liman, ku kuma tambayi dattijan mata. Su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ku kai da dare, kada ku ɗauki hoton kowa don Facebook. Mutuncin uwar marayu ya fi yabon da za a yi muku.

Kowane buhu da kowace naira a rubuta, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.