Dalilan da Ke Hana Fayil ɗin Jadawali Buɗuwa a Cikin Shirin Kwamfuta

Mafi yawan bayanan da ofisoshi da asibitoci da makarantu ke tarawa suna ajiye ne a cikin fayilolin jadawali, wato waɗanda ake shiryawa da Excel da takwarorinsa, inda ake jera bayanai layi-layi a ƙarƙashin ginshiƙai. Idan bayanan suka yi yawan da hannu ba zai iya bi ba, mai nazari yakan rubuta ɗan shiri a harshen Python, ya umarci kundin pandas, wanda tarin umarni ne da aka riga aka tsara domin sarrafa jadawali, ya karanto masa su. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin fayil ɗin da ya buɗu lafiya lau a Excel sai ya ƙi buɗuwa a cikin shirin, mai aiki kuma ya shiga goge kundaye yana sake girka su, yana kwafo gyare-gyare daga intanet ba tare da ya san ciwon da yake yi wa magani ba. Aikin tace bayanai na yau da kullum ya nuna cewa galibi aibin yana jikin fayil ɗin ne, kuma 'yan haruffan da ke ƙarshen sunansa, bayan ɗigo, iƙirari ne kawai wanda kowa zai iya sauyawa, ba su tabbatar da abin da ke ciki.

Fahimtar haka tana buƙatar sanin cewa xls da xlsx tsari biyu ne mabambanta, duk da kamannin sunayensu. Tsohon tsarin, xls, wanda aka yi amfani da shi har zuwa Excel na 2003, yana adana bayanai ne a dunƙule cikin lambobin da ido ba ya karantawa. Sabon tsarin, xlsx, wanda ya zo tare da Office na 2007, ƙunshi ne irin na ZIP, wato fayiloli da dama da aka matse wuri guda, kuma duk wanda ya kwafi irin wannan fayil ya sauya ƙarshen sunansa zuwa zip zai ga jaka mai suna xl, a cikinta akwai fayil ɗaya na jerin shafuka, da fayil na kowane shafi daban, da wani da ke riƙe da kalmomin da aka rubuta a jadawalin. Kundin pandas ba ya karanta ko ɗaya daga cikinsu da kansa, yakan miƙa aikin ne ga wani kundin: xlrd ga tsohon tsari, openpyxl ga sabo, odfpy ga fayilolin ods na LibreOffice, pyxlsb kuma ga xlsb. A watan Disamba na 2020 aka fitar da xlrd zubi na 2.0 wanda ya daina karanta xlsx kwata-kwata, shi ya sa shirye-shiryen da suka yi shekaru suna aiki suka tsaya cak a kan kwamfutocin da aka sabunta. Shawarar da ta yaɗu a lokacin, ta komawa tsohon zubi na 1.2, ba abin bi ba ce, domin jingina aiki ne a kan kundin da masu shi suka daina gyara masa wannan ɓangare. Abin da ya dace shi ne girka openpyxl tare da sabunta pandas.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce ta fayil mai sunan aro. Manhajojin banki da na biyan albashi da na rajistar ɗalibai da dama suna da maɓallin fitar da rahoto zuwa Excel, amma abin da suke fitarwa a zahiri shafin intanet ne na HTML, ko rubutu tsantsa da aka raba da waƙafi, sai su liƙa masa xls a ƙarshen suna. Excel yana da haƙuri da irin wannan, yakan yi gargaɗin cewa suna da abin ciki ba su dace ba, mai aiki ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, jadawali ya bayyana. Shirin kwamfuta ba shi da wannan sassauci, sai ya ce ba zai iya tantance tsarin fayil ɗin ba, ko kuma, idan openpyxl aka tilasta wa aikin, ya jefo kuskuren BadZipFile, wanda ke nufin an ba shi abin da ba ƙunshin ZIP ba ne.

Hanyar gano gaskiya ba ta wuce layi biyu na umarni ba: a buɗe fayil ɗin a matsayin ɗanyen bayani, a karanto bayit takwas na farko, bayit kuwa shi ne ƙwayar ma'aunin bayani a kwamfuta. Idan haruffa biyu na farko P da K ne, ƙunshin ZIP ne, don haka xlsx ne ko ɗan'uwansa. Idan lambobin sun fara da D0 CF 11 E0, tsohon tsarin Microsoft ne. Idan kuwa alamar ƙasa-da, wato <, ce ta fara bayyana, kalmar html ko table na biye da ita, to shafin intanet ne, kuma umarnin read_html ne zai karanta shi. Idan sunayen ginshiƙai suka fito ƙarara da waƙafi a tsakaninsu, aikin read_csv ne. Wannan ɗan bincike yana warware wani ruɗani kuma: fayil ɗin xlsx da aka kulle da kalmar sirri ba ya fara da P da K, domin Excel yakan ɓoye ƙunshin a cikin tsohon mazubi mai D0 CF, saboda haka dole a cire kullen tukuna, da izinin mai fayil ɗin, kafin shiri ya iya karanta shi.

Akwai kuma fayil ɗin da asalinsa lafiyayye ne amma ya iso a gutsure. Tsarin ZIP yana ajiye jerin abubuwan da ke cikinsa a ƙarshen fayil, don haka idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke ana tsaka da saukewa, farkon fayil ɗin zai nuna P da K daidai, amma jerin da ke ƙarshe ya ɓace, ƙunshin kuma ba zai warwaru ba. Kwatanta girman fayil ɗin da ke hannu da na wanda aka aiko yakan tona wannan nan take. Haka nan idan shirin ne da kansa ke sauko da fayil daga adireshin da ke neman a shiga da kalmar sirri, abin da zai adana shafin shiga ne ɗauke da sunan jadawali.

Sauran matsalolin wannan aji masu sauƙi ne. A Windows, fayil ɗin da ke buɗe a Excel yakan kasance a kulle, shiri ya sami PermissionError, musamman idan rubutu zai yi a kansa, kuma Excel yakan ajiye wani ɗan ɓoyayyen fayil mai fara suna da alamomin ~$ a gefensa, wanda shirin da ke bin fayilolin jaka ɗaya bayan ɗaya zai ɗauka jadawali ne. Adireshin fayil mai karkatacciyar sanda ta baya, irin C:\Users, shi ma yana rikita Python, sai an sa harafin r kafin adireshin ko an juya sandunan.

Fayilolin CSV, wato rubutu tsantsa mai waƙafi tsakanin ginshiƙai, suna da ciwon da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a tsohon tsarin haruffa na Windows-1252, saboda haka idan aka adana jadawali a matsayin CSV na gargajiya sai su koma alamar tambaya, kuma wannan asara ce da ba ta gyaruwa sai an koma ga asalin fayil. Idan kuma an adana da UTF-8, tsarin da ke ɗauke da haruffan harsunan duniya, amma aka karanta da tsohon tsari, harafin ƙ yakan fito a matsayin Æ™, wanda muni ne a ido amma bayanin yana nan, faɗa wa shirin tsarin da ya dace kawai ake buƙata. Fayilolin da ke fitowa daga Maraɗi ko Damagaram suna da nasu hali, domin kwamfutar da aka saita da Faransanci tana amfani da waƙafi wajen raba lamba da ɓangarenta, don haka Excel yakan raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo. Shirin da ba a sanar da shi ba zai tattara layi gaba ɗaya a ginshiƙi guda.

Wannan misali na ƙarshe yana nuna haɗarin da ya fi ƙin buɗuwa girma, wato fayil ya buɗu a karkace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Lambar wayar Najeriya mai alƙaluma 11 tana rasa sifirin farko idan shiri ya ɗauke ta a matsayin adadi, kuma Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na kowane adadi daidai, sauran yakan mayar da su sifiri, don haka irin waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu ya kamata a karanta su. Tsohon tsarin xls ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536 a shafi, alhali xlsx yana kai wa 1,048,576, kuma iyakar xls ɗin ce ta sa a watan Oktoba na 2020 aka gano cewa sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga ƙididdigar Ingila a kan lokaci ba, aka makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Saboda haka bayan fayil ya buɗu, wajibi ne shirin ya ƙirga layukan da ya karanto a kwatanta da adadin da mai aikowa ya bayar, a duba layukan farko da na ƙarshe da ido, kuma duk sauya tsari ko sake adanawa da za a yi, a kan kwafi za a yi shi, asalin fayil ɗin yana ajiye yadda ya iso.