Darasi Domin Iyali: Dasa Farin Malberi A Lambun Gida

Farin malberi itace ne wanda asalinsa ƙasar Sin ce, inda aka yi dubban shekaru ana ciyar da tsutsar siliki da ganyensa. Masana suna kiransa Morus alba, sunan da Linnaeus ya ba shi a shekarar 1753. 'Ya'yansa ƙanana ne masu zaƙi, kuma ko da yake ana ce masa fari, wani yakan nuna ja ko baƙi. Ba safai ake ganinsu a kasuwa ba, gama sukan lalace kwana 2 ko 3 bayan an tsinke su. Saboda haka iyalin da ke marmarinsu gara su dasa nasu. Amma abin da aka yi a ranar dashe, shi ne zai nuna ko wahalar za ta biya.

Zaɓen reshe

A cikin malberi akwai namiji, akwai mace. Namiji fure kaɗai yake yi, ba ya ba da 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwaya ba zai san abin da ya samu ba sai bayan shekaru masu yawa na ban ruwa. Hanya mafi tabbaci ita ce a yanko reshe daga itacen da aka ga 'ya'yansa, aka kuma ɗanɗana. Reshen ya kai kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 25, da idanu 3 ko 4. A binne rabinsa a ƙasa mai laima da farkon damina. Irin wannan dashe yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2 ko 3.

Zaɓen wuri

Malberi yana son rana sosai da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Saiwarsa tana bin danshi da ƙarfi, don haka a nisanta shi da katanga, rijiya da masai. Kada kuma a dasa shi kusa da igiyar shanya, domin baƙaƙen 'ya'yansa suna rina tufafi.

Kulawa

A zuba takin gida, a riƙa ba shi ruwa da rani har ya kafu, a kuma kewaye shi domin awaki. In an bar shi yakan wuce mita 10. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A datse kansa tun yana ƙarami domin hannu ya kai ga rassan. Ganyen da aka datse abinci ne mai gina jiki ga awaki da zomaye.

Girbi

'Ya'yan ba sa nuna gaba ɗaya. A shimfiɗa tsohon zane a gindin, a girgiza rassan a hankali, nunannu za su zubo. A gargaɗi yara kada su ci ɗanyu, gama suna ɓata ciki. Abin da ya rage a raba wa maƙwabta, ko a shanya shi yadda ake yi a Turkiyya da Iran.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me reshe ya fi ƙwaya tabbaci?
2. Wane wuri ne a gida ya dace da wannan itace?
3. Wane aiki ne za a danƙa wa yara a cikin kulawa da shi?