Kafin Ki Sayi Kwamfuta Ta Hannu

Darasinmu na wannan fitowa a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ne, wato laftof. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ga Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Yaron da ya tashi a Roni ko Gwiwa bai saba da madannai ba zai sha wuya ranar jarrabawa, ko da ya san amsa. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin yawancinmu, sai dai ta hannu. To uwargida, in za ki kwashi adashinki ko ki sayar da akuyarki, ki san abin da za ki saya.

Mu fara da manhajar da ke tafiyar da ita. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Mafita ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, masu ita sun yarje wa kowa ya kwafa, don haka ba haƙƙin kowa a kanki. Nau'inta da ake kira Linux Mint ba shi da nauyi, kuma yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox na shiga intanet.

Ga abubuwan lura, ko ke za ki je ko maigida za a aika, a nan Kazaure ko titin Beirut a Kano:

Na farko, a nemi irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook. Jikinsu ya fi ƙwari, masu gyara sun san su, kayan gyaransu ma ba sa wuyar samu. Kada ƙyalƙyali ya ruɗe ki.

Na biyu, RAM ɗinta kada ya gaza 4GB, in da hali 8GB. Ma'adanarta ta zama SSD, don ta fi sauri kuma ta fi jure jijjiga.

Na uku, batiri. Kin dai san halin wutarmu. A cire caja a kunna bidiyo na rabin awa, a ga yadda cajin ke sauka.

Na huɗu, a tafi da filash mai ɗauke da Linux Mint. Ana iya kunna ta daga filash ɗin ba tare da an goge komai ba. A gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da kowane madanni. A buɗe murfin a rufe, a ji ko yana lilo.

Na biyar, in ta nemi kalmar sirri tun farkon kunnawa, mai shago kuma bai san ta ba, ki haƙura da ita komai arharta. Ta yiwu kayan sata ne. A karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar, a kuma yi sharaɗin kwanakin gwaji.

Sai dai wani hanzari: CorelDRAW da AutoCAD ba a yi su don Linux ba. In ɗanki zane yake karanta, ya tambayi malamansa tukuna.

In ta zo gida, kada a ɗora ta kan katifa tana aiki, za ta toshe ƙofar iska ta yi zafi. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Kuma 'yar'uwa, kada ki bar wa yara su kaɗai. Ki zauna kusa ki ga abin da suke buɗewa, ke ma ki koya.

Allah Ya sa wa dukiyarmu da zuri'armu albarka, amin.