Hukuncin Neman Ilmin Kimiyya: Darasi Ga Iyayen Yara A Sandamu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin. Ke nan yaron Sandamu ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga ƙofar babbar makaranta. To, amma ganin ƙofa daban, shigarta daban. Ba a ɗaukar ɗalibi karatun injiniya sai ya ci lissafi da fiziks da kemistiri a jarrabawar ƙarshen sakandare. Wanda bai sami tushen waɗannan tun yana ƙarami ba, sai ya zura ido 'ya'yan wasu garuruwa su cika kujerun. Saboda haka darasin wannan mako zai duba hukuncin wannan ilmi da yadda ya kamata a koyar da shi.

Malamai sun kasa ilmi gida biyu. Akwai farali aini, watau wanda ya hau kan kowane baligi, kamar sanin tauhidi da tsarki da salla. Akwai kuma farali kifaya, wanda idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai ɗauka, laifi ya hau kan jama'a duka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da lissafi cikin kashi na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, har ya yi kukan yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan fiƙihu suka bar likitanci. A kan wannan ƙa'ida, garin da ba shi da mace likita ko ungozoma mai ilmi da za ta duba matan aure, akwai nauyi a wuyan mutanensa.

Magabata ba su ɗauki wannan ilmi baƙo ba. Alkawarizmi ya rubuta littafin Aljabru a Bagadaza wajen 820, kuma babban sashe na littafin lissafin gado da wasiyya ne. A nan ƙasar Katsina aka yi Malam Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan magani.

Matakin farko shi ne firamare, inda ake koya wa yaro lura da auno. Wannan ba ya bukatar kayan Turai. A kafa sanda a filin makaranta, yara su riƙa auna inuwarta. Lokacin da inuwar ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, rana ta yi zawali, Azahar ta shiga. Idan ta kai tsawon sandar, ban da inuwar zawali, La'asar ta shiga. Yaran za su kuma gane cewa a ƙasar Daura inuwar tsakar rana takan kusa ɓacewa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, a tsakanin nan ta karkata kudu, sauran watanni ta koma arewa. Da sanda guda an koyi fiƙihu, an koyi tafiyar rana.

Mataki na biyu shi ne sakandare, inda lissafi yake zurfafa. Allah Ya bayyana rabon gado a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Misali, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, dukiyarsa bayan biyan bashi da wasiyya naira 240,000. Asalin mas'ala 24 ne. Mata tana da sumuni, kashi 3, naira 30,000. Uwa tana da sudusi, kashi 4, naira 40,000. Ragowar kashi 17, naira 170,000, na ɗan ne. Ɗalibin da ya tsani lissafin ɓangarori a aji, da wuya ya raba wannan gado bai zalunci wani ba. A wannan mataki ne kuma ɗakin gwaje-gwaje yake zama dole, domin kimiyya ba a hardace ta kamar waƙa. Jihar Kano ta gane haka tun 1977, da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa.

Mataki na uku shi ne kwaleji da jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. A nan ɗalibi yake ƙwarewa a fanni guda, kuma a nan tsoron Allah yake daɗa zama tilas. Wanda ya saci amsa ya zama mai haɗa magani ko mai gina gada, rayukan bayin Allah ya ɗauka a wuyansa.

Saboda haka wajibi ne ga uba ya bar yaro ya zauna a aji, kada a cire shi ranar kasuwa ko lokacin girbi, ya kuma ba 'ya mace dama kamar ɗa namiji. Wajibi ne ga malamin kimiyya ya san albashinsa amana ne. Malaman allo da na Islamiyya kuwa, su sanar da almajiransu cewa wanda ya koyi lissafi ko likitanci da niyyar ɗauke wa Musulmi farali, yana cikin ibada.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani, Ya tsare al'umma daga jahilci, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.