Awon Lafiyar Ma'aikata da Abin da Ke Biyo Bayansa

Da yawa daga cikin mazauna Gwale, tun daga Mandawari da Diso har zuwa Ɗorayi, ma'aikata ne a masana'antun Sharaɗa da Chalawa, ko a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Akan auna lafiyar ma'aikaci lokacin ɗaukarsa aiki, kuma hawan jini yana cikin cututtukan da awon kan tono. Abin takaici shi ne, sau da yawa takardar sakamakon a aljihu take ƙarewa.

Hawan jini ba ya faye nuna alama. Idan ƙarfin bugun jini ya zauna a kan 140 bisa 90 ko sama da haka, bangon jijiyoyi yakan yi kauri ya sandare, zuciya ta riƙa wahala wajen tura jini, ƙananan matatun ƙoda kuma su lalace sannu a hankali. Mutum yana ta aikinsa har ranar da shanyewar ɓarin jiki za ta kayar da shi. Awo ɗaya kuwa bai isa a yanke hukunci ba, domin fargabar ganin likita kaɗai takan ɗaga jini.

Wani bincike da aka yi a kan ma'aikatan masana'antar ƙarfe a Hamilton ta ƙasar Kanada, aka buga a 1978, ya nuna abin mamaki. Ma'aikatan da awon ya nuna suna da hawan jini, fashin aikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 80 cikin 100, kuma ƙarin ya fi yawa a tsakanin waɗanda aka shaida wa a karon farko. Wato labarin kansa ya sa suka fara ɗaukar kansu majiyyata. A Amurka kuma, a 1979, aka fitar da sakamakon nazarin mutum kusan 11,000 masu wannan cuta. Rabinsu an riƙa kiransu asibiti a kai a kai ana daidaita musu magani, sauran kuma aka tura su wurin likitocinsu na yau da kullum. Cikin shekara biyar, mace-macen rukunin farko ya yi ƙasa da na biyu da kashi 17 cikin 100.

Don haka ma'aikacin da aka ga jininsa ya hau yana buƙatar a sake auna shi a ranaku dabam-dabam, a duba fitsarinsa da sukarin jininsa, a kuma yi masa bayanin da zai kwantar masa da hankali. Haƙƙin mai masana'anta ne ya ba shi izinin zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ba tare da an yanke masa albashin ranar ba, ya kuma ɓoye sirrin sakamakon. Ma'aikacin da ke tsoron kora ba zai koma wurin likita ba.